Pale da Danginta: Rajistar Aikin Katunan Kalmomi

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Jimla ɗaya ce ta jefa ni cikin wannan aiki. Ranar Laraba na ba 'yan SS2 wani ɗan gajeren labari su fassara, a ciki akwai inda aka ce "When she heard the news, she turned pale." Da na zauna duba takardu, kusan duk ajin sun rubuta "ta yi fari" ko "ta yi haske". Wata yarinya mai ƙoƙari ƙwarai har ta ƙara bayani, wai ai labarin daɗi aka kawo wa matar tunda fuskarta ta yi haske. Alhali rasuwar ɗanta aka zo gaya mata.

Ban ga laifin yarinyar ba. A wurinmu in aka ce mace ta yi haske, yabo ne, ta samu hutu da kwanciyar hankali. Shi kuwa Bature fatarsa ba ta ɓoye jini. In ya razana jinin ya janye daga fuskarsa, kowa na kusa zai gani. Shi ya sa harshensa ya tara kalmomi rututu a wannan gefen, kowace da irin nata dalilin. Ƙaramin ƙamus ɗin da yara ke riƙewa kuwa sai dai ya yi ta kai-komo da mutum: ka duba pallid ya ce maka pale, ka duba wan ya ce maka pale.

Na ƙudura yin katuna, kalma ɗaya kati ɗaya. A gaba kalmar da yadda ake furta ta da jimla guda. A baya amsar tambaya uku: me ya jawo launin, wane irin launi ne, kuma mai faɗa yabo yake ko tausayi ko raini. Can ƙasa sai yadda Bahaushe zai faɗi abin da bakinsa.

Kwali 4, Naira 1,200. Maka 2, Naira 800. Littafin rubutu mai bango mai ƙarfi, Naira 700. Jimla 2,700.

Talata, 5 ga Nuwamba

Na tara kalma 14: pale, pallid, pallor, wan, ashen, sallow, pasty, livid, fair, pastel, faded, blanch, lurid, ghastly. Na yanka kwalayen.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Yau pale da pallid da pallor. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, duk daga Latin suka fito, daga aikatau pallere. Hanyar shigowarsu ce ta bambanta, kuma ita ce ta raba musu hali. Pale ta biyo ta Faransanci, cikin ayarin kalmomin da suka kwararo Ingila bayan Normawa sun ci ƙasar a 1066. Wajen shekarar 1300 ta riga ta zauna a bakin mutane, ta sha hannu har ta zama ta kowa. Pallid kuwa masu ilmi ne suka ɗauko ta kai tsaye daga Latin a ƙarshen ƙarni na 16, kuma har yau ƙamshin littafi bai bar ta ba. Uwa ba za ta dubi ɗanta da safe ta ce masa pallid ba, pale za ta ce.

Pale ba ta da ɓangare. Ana faɗa wa fuska, ana faɗa wa riga, da sama, da wata. Mutum na iya zama pale tun haihuwa lafiyarsa ƙalau, yana kuma iya zama pale na minti biyu don an firgita shi. Pallid ba ta zuwa sai da rashi: wani abu da ya kamata a gani a fuskar ba ya nan, galibi saboda ciwo. Har wasa ko rubutu ana ce masa pallid in babu rai a cikinsa. A nan kalmarmu ta kicin ta fi kowace dacewa, lami. Pallor ita suna ce kawai, sunan yanayin.

Abu biyu na tsinta da ban nema ba. Appal, wadda muke koyar wa yara da ma'anar tayar da hankali, asalinta kalmar tsohon Faransanci ce mai nufin fuska ta koɗe. Na biyu kuma gargaɗi ne: pale ɗin da ke cikin "beyond the pale" ba wannan ba ce sam. Waccan daga palus take, wato turke ko sandar shinge, kuma da ita ake kiran yankin da Ingilishi suka riƙe a zamanin da kewaye da Dublin a ƙasar Ayilan. Wanda ya tsallake shinge ya wuce gona da iri, ma'anar ke nan daidai wa daida. Zan sa shi a ƙasan katin da jan maka.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Data Naira 1,500, yawanci a sauraron furuci ta tafi. Ban rubuta kati ko ɗaya ba, duba jarrabawar gwaji ya cinye yammacin.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Na je wurin Yaya a ƙaramin asibitin da take aikin jinya, na jira ta gama da layin masu awo. Da na karanta mata katin pallor ba ta ce komai ba, sai ta ce, "Matso nan, ƙanwata." Ta sa babban yatsa ta ja fatar idona ta ƙasa, ta leƙa jan naman da ke ciki. Ta ce in fito da harshe. Ta kama hannuna ta buɗe tafin a hankali, ta ajiye nata kusa da shi, ta danna farcena ta saki tana kallon yadda jan ke dawowa.

"Mu ba kumatu muke dubawa ba," in ji ta. "Baƙin mutum jininsa zai ƙare kina kallon fuskarsa ba ki sani ba. Ido, harshe, tafin hannu, farce. Yara ƙanana ma tafin hannun ne kan gaba."

Ta nuna mini yadda suke rubutawa a katin maras lafiya, "not pale, anicteric", ma'ana babu alamar ƙarancin jini kuma ido bai yi ɗorawa ba. To ashe a asibiti pale ba launin fata ba ce ko kaɗan, mutum baƙi wuluk ana rubuta masa pale. Pallid kuwa ta ce ba ta shiga bakinsu a wurin aiki. Ta ba ni ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya: in sinadarin haimogulobin ya gaza giram 12 a kowace desilita ga mace, ko 11 ga mai ciki, ko 13 ga namiji, an shiga ƙarancin jini.

Babbar ribar yau kalma ce da na sani tun ina yarinya amma ba ta zo mini ba duk makonnin nan. Muna zaune wata tsohuwa ta shigo da jikarta tana cewa, "Malama, dubi yadda yarinyar nan ta ɗashe." Ɗashewa. Ba fari ba, ba haske ba, kuma babu wanda zai ji ta ya ɗauka yabo ne. Na goge "koɗewar fuska" daga katin pallid da na pallor, na sa ta.

Adaidaita sahu zuwa da dawowa, Naira 800. Jimla zuwa yau 5,000.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Wan. Da na rubuta ta a allo wani yaro ya ce, "Malama, wan wa?" Dole katin ya fara da furuci: amonta ɗaya da swan.

Tarihinta ya ba ni mamaki. A tsohon Turanci ma'anarta duhu, da ita ake siffanta dare da hankaka. Sannu a hankali ta koma nufin abin da launinsa ya gudu, daga nan ta zama abin da muka sani yau. Na fi son ta a duk cikin jerin, don ita kaɗai ce mai tausayi. Wan gajiya ce da rauni, fuskar wadda ta tashi daga doguwar jinya, ko mai jego a kwanakin farko, ko wadda ta kwana uku tana kukan rashi. Ba a faɗa wa mutum ita don a muzanta shi.

Hausarta na gida: ta yi fayau. "A wan smile" na fara sa masa yaƙe, na sake tunani na soke. Yaƙe akwai kunya ko borin kunya a cikinsa. Wannan murmushin ƙarfin hali ne, irin wanda maras lafiya ke yi wa masu dubiya don kada hankalinsu ya tashi. In haske aka ce wa wan, to dishi-dishi.

Talata, 26 ga Nuwamba

Na yi kuskure a gaban aji, kuma ina so in rubuta shi dalla-dalla.

Makon jiya na gaya wa yara livid na nufin fuska ta yi fari fat, na jera ta kusa da ashen, har na ba su jimla ta ƙirƙirata a kan tsoro. Sun kwafa. Yau wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce ta ji a wani shiri an ce "My dad was livid", kuma mahaifin ba tsoro yake ji ba, faɗa yake kamar zai ari baki. Na ce mata zan bincika. Lokacin tara na tarar da Malam, wanda ya koyar da Turanci tun ina firamare, na kai masa maganar.

Ya ce, "Malama, kalmar nan hawa uku gare ta, ke kin tsaya a na tsakiya, wanda ya fi kowane ƙarancin amfani." Na koma gida na bi diddigi, haka abin yake. Lividus a Latin launin darma ne, shuɗi-shuɗi mai duhu, launin wurin da aka buge jini ya kwanta. Har yau ana cewa "a livid bruise", kuma likitocin binciken gawa na kiran tabon da jini ke yi in ya kwanta a jikin mamaci livor mortis. Hawa na biyu shi ne fuskar da fushi ya canza wa launi, "livid with rage". Daga nan, a farkon ƙarni na 20, launin ya zube aka bar fushin tsagwaronsa. Yau in Baturen Ingila ya ce wane livid ne, ya fusata matuƙa yake nufi, ba ruwansa da kalar fuska.

Abin da ya kai ni ga kuskuren na gane shi: na ga pale a cikin jerin ma'anoni, na ɗauka na tafi ban karanta misalan da ke ƙasa ba. Laifin da nake hana yara ke nan. Gobe zan ce kowa ya buɗe littafinsa ya soke da hannunsa, kuma zan faɗi wadda ta gano. Katin ya zama gida biyu: na rauni, jini ya taru wurin ya yi baƙi-baƙi, na fushi, idanunsa sun kaɗa sun yi jawur. Abin lura ne cewa mu fushi a ido muke ganinsa, kuma ja ne.

Saboda wannan na sake duba sauran, sai ga lurid da irin wannan tarko. Asalinta launin ɗorawa mai kama da na gawa, amma yanzu ana faɗa wa kala mai ƙyalli har ta yi yawa, ko labari mai tayar da tsikar jiki. Na cire ta. Na cire ghastly, don tsoro ne jigonta. Blanch ma na ajiye ta gefe, aikatau ce, layi ɗaya a katin pale ya ishe ta. Saura 11.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Shirin jarrabawa. Ba a taɓa kati ba.

Asabar, 7 ga Disamba

Kantin Kwari, don kalmomin da ba na fuska ba. Na je wurin Alhajin da muke sayen yadi tun zamanin mahaifinmu. Na ce ya ciro mini shuɗi duk irin wanda yake da shi mai haske. Ya jera biyar a kan kanta. Na nuna na ƙarshe na ce wannan ai kamar ya koɗe. Nan take ya girgiza kai.

"Haba Hajiya, kada ki ɓata mini kaya. Wannan haka aka yi shi, bai ciza ba ne kawai. Ga wanda ya koɗe." Ya jawo wani bandir da ya daɗe a bakin ƙofa, ya warware. Gefen da rana ke duka ya yi fari-fari, cikin ninkin kuwa shuɗin na nan da ƙarfinsa, har layi ya fito tsakaninsu.

A minti ɗaya ya raba mini abin da na kwana biyu ina juyawa. Faded shi ne ya koɗe: da can akwai launi, rana ko wanki suka cinye. Light shi ne mai haske, kishiyar mai duhu, magana ce ta awo kawai. Pale shi ne bai ciza ba, launin ya yi ruwa-ruwa, ya kusa komawa fari. Don haka pale blue ya fi light blue kusa da fari a yawancin baki. Pastel kuwa zaɓi ne na ado, launi mai taushi da aka yi da gangan, irin ruwan hoda da ruwan madara da ake ɗinka wa jarirai. Ba a ce wa fuskar mutum pastel. Sunan daga Italiyanci yake, pastello, wani irin allin zane da ake kwaɓa garin kala a murza. Tushensa pasta, kwaɓi. Na riƙe wannan, don pasty ma daga kwaɓin ta fito.

Alhaji ya sa yaronsa ya yanko mini ƙyalle daga kowane, har da gefen da ya koɗe, ya ƙi karɓar ko sisi. Mota 600, gam 500. Jimla 6,100.

Asabar, 14 ga Disamba

Sallow ta ba ni wuya fiye da kowace. Launi ne mai ɗorawa-ɗorawa, maras sheƙi, na wanda ya daɗe ba lafiya ko ba ya samun abinci da barci yadda ya kamata. Ita ma kamar wan, a tsohon Turanci duhu-duhu take nufi. Muhimmin abu shi ne ba ta zuwa farat ɗaya. Ba wanda zai ji mummunan labari ya zama sallow, sai an ɗauki watanni. Kuma ba ciwon shawara ba ce, shi jaundice ake ce masa, daga kalmar Faransanci mai nufin rawaya, kuma a farin ido yake fara bayyana.

Na kwatanta wa Inna tana tsince wake. Ta ce, "In farin mutum ne, sai a ce jikinsa ya yi wani ɗorawa-ɗorawa. In baƙi ne kuwa ai ba za ki ga wannan ba, 'yar nan, sai dai ki ce fatarsa ta mutu, ba ta sheƙi." Duka biyun na rubuta. Ba mu da kalma ɗaya tilo, kuma ba zan ƙirƙiro ta ƙarya don katin ya yi kyau ba.

Alhamis, 19 ga Disamba

Asara. Na kai rubutun wani shagon buga takardu ranar Litinin, na ce a buga a kwamfuta, a sa ɗan murabba'in launi a kowane kati, a yi kwafi. Na biya gaba ɗaya don ina sauri a ba yara kafin hutu: bugun rubutu 2,000, shafi mai kala 4 a kan 1,200, kwafi 40 a kan 2,000. Naira 5,200.

Da na karɓo na buɗe a gida, jikina ya yi sanyi. Duk harufa masu lanƙwasa sun tafi. A wani wuri akwati ne ya fito a madadinsu, a wani wuri an share su ɗungurungum. Ɗashe ta zama "ashe". Koɗe ta zama "koe". Ƙarfin hali ya koma "arfin hali". Katin da aka yi don a koya wa yara bambancin kalma da kalma ba zai fita da Hausa gurguwa ba. Launukan kuma sun taru sun zama abu ɗaya. Pallid da wan da pasty duk wani ruwan toka ne mai datti, sallow ta fito kore.

Na koma jiya. Yaron shagon ya ce shi abin da injinsa ya ba shi ya buga, ba a mayar da kuɗi. Na ji zafi, amma rabin laifin nawa ne, da na tsaya an buga shafi ɗaya na gani da idona da ba a kai nan ba.

Abin da na yanke: zan buga da kaina a wayata, da allon rubutu mai ƙ da ɗ da ɓ, in mayar da shi PDF yadda ba abin da zai motsa. Murabba'in launi kuma na fasa shi ga kalmomin fuska. Ko da injin ya yi daidai, ba launi ne ya raba wan da pallid ba, da ba su koya wa kowa komai ba. Katin pale da pastel da faded kaɗai za su samu launi, shi ma ƙyallen Alhaji zan manna. Jimla 11,300.

Asabar, 28 ga Disamba

Hunturu ya kankama. Da safe ƙaramin ɗana ya fito daga wanka ya tsaya a tsakar gida bai shafa mai ba, kafin in ɗauko man kaɗanya ƙafafunsa sun yi furu-furu, in ka ja farce a ƙwaurinsa sai layi ya fito. Ina shafa masa ina tunanin ashen, sai na tuna akwai ƙanwarta, ashy. A bakin baƙaƙen fatar Amurka ashy ita ce wannan bushewar fatar da ke neman mai, ba ta da alaƙa da ciwo ko tsoro. A duk jerin ita kaɗai ce aka yi wa fata irin tamu, kuma fassararta ba ta ɗauke ni daƙiƙa biyar ba. Na ƙara ta, katuna sun zama 12.

Ashen kuwa nauyi gare ta. Duka biyun daga toka suke, amma ashen launin tokar da ke hawa fuska ne lokacin mummunar razana ko ciwo mai tsanani, wanda ya fito daga haɗarin mota, ko wanda ciwon zuciya ya buge. In pale tsoro ce, ashen ta kusa da mutuwa. Na kira Yaya, ta ce wannan kam ana ganinsa a baƙar fata, mutum ya yi toka-toka, leɓɓa su bushe su yi fari. Ga jimlar labari na ba da zaɓi biyu: ya yi toka-toka kamar ba jini a jikinsa, ko hantarsa ta kaɗa.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Mun je ganin ɗakin 'yar ƙanwar mijina, wata uku da biki. Muna shiga gwaggonninta suka ɗauka: "Masha Allah, amarya, kin yi fari kin yi kyau, hutu ya karɓe ki." Tana ta sunkuyar da kai tana murmushi. Ni kuwa katin pasty ne ya faɗo mini, wanda na bari tun Disamba na kasa gamawa.

Sanadin ɗaya ne, zaman ɗaki da rashin shiga rana. Mu muka mai da shi abin yabo, Turanci ya mai da shi abin raini. Pasty fari ne irin na kwaɓin fulawa, fuska ta yi laushi ta kumbura-kumbura babu jini, kamar ta wanda ya yini a ɗaki gaban talabijin ba ya motsa jiki. Ba tausayi a cikinta kamar wan, ba ƙamshin littafi kamar pallid. In ɗalibina ya je wata ƙasa ya ce wa wani pasty yana zaton yabo ne, ya yi zagi. Na rubuta haka ƙarara. Furucinta irin na paste ne. Akwai wata kalma mai rubutu iri ɗaya da ake furtawa daban, sunan wani abincin yankin Kwanwal na Ingila ne mai kama da fanken nama.

Kishiyarta fair. Ita ce ta yabo, farin haihuwa mai lafiya, sau da yawa har da gashi mai haske. Asalin ma'anarta a tsohon Turanci ma kyakkyawa ne, daga baya ta koma nufin farar fata. Na daɗe ina kallon wannan. Kalma ɗaya ta riƙe kyau da adalci da fari, kuma yarana mata na jin ta kullum a tallan man shafawa. A 2020 kamfanin Unilever ya canza sunan mansa Fair & Lovely zuwa Glow & Lovely bayan suka da aka daɗe ana yi. A ajina akwai 'yan shekara 16 da gaɓoɓin yatsunsu suka fi sauran hannun duhu, na san abin da ke jawo haka, kuma yana damuna ƙwarai. Ba zan yi wa'azi a kan kati ba, amma na sa tarihin kalmar, na kuma jera namu kusa da ita, fari, wankan tarwaɗa, baƙi mai sheƙi, ba tare da na ɗora wani a kan wani ba.

Asabar, 11 ga Janairu

An buga a wani shagon daban, ina tsaye. Shafi 6 gaba da baya, saiti 8, Naira 4,800. Na sa an lulluɓe saiti ɗaya da leda, 2,400. Harufa duk sun fito. Daren jiya da yau na manna ƙyallaye. Jimlar kuɗin aikin 18,500.

Talata, 21 ga Janairu

Na raba ajin gida 8, kowane rukuni saiti ɗaya. Na ba su jimla 10 masu gurbi su cike, sannan na dawo musu da jimlar nan ta "she turned pale". Ba wanda ya rubuta "ta yi haske". Na samu "gabanta ya faɗi", na samu "jikinta ya yi sanyi", rukuni biyu suka sa "nan take ta ɗashe". Yarinyar da ta ce labarin daɗi ne ta rubuta, "Da ta ji labarin, sai jini ya gudu daga fuskarta." Na tambaye ta me ya sa ba ta ɗauki na gida ba. Ta ce, "Malama, ai matar Baturiya ce, a fuskarta aka gani." Na ba ta cikakken maki.

Wani yaro ya kawo "ta sha jinin jikinta". Mun ɗauki kusan minti 10 a kai. Akwai jini a ciki, amma wannan na wanda ya tsargu ne, ya ji a jikinsa asirinsa na shirin tonuwa, ba na wadda aka yi wa rasuwa ba. Ajin da kansu suka ƙi shi kafin in buɗe baki.

Inda aka faɗi: sallow. Rukuni 5 cikin 8 sun sa ta a gurbin razana, duk da bayanin da ke bayan katin. Jimlar misalin ce ba ta nuna tsawon lokaci ba, zan sauya ta da wadda ke da "after months of illness" a ciki. Ashen da ashy ma rukuni 3 sun musanya su, don haka zan haɗa su a kati ɗaya, gefe da gefe. Livid kowa ya ci.

Malam ya nemi aron saiti biyu don 'yan SS3. Mako mai zuwa zan fara tara na ɗaya gefen, inda jini ke hawa fuska maimakon ya gudu: blush, flush, ruddy, florid. Kwali 2 ya rage, maka ɗaya ta bushe, sai na sayi wata.